Bulo Mai Jan Fenti

Goggona tela ce, kuma kowa ya san ba a taka ta a kwana lafiya. Da ɓarin jikin mijinta ya shanye, kai shi banɗaki can ƙuryar gida ya zama tashin hankali. Sau biyu suna faɗuwa tare. Sai ta kira magini ya tayar masa da ɗaki mai banɗaki kusa da ƙofar gida.

Gini ya kai taga, sai ga ma'aikatan tsara gari da gwangwanin jan fenti. Suka zabga wa bangon "A DAKATA", wai ba ta da izini.

Maginin ya rage murya: "Goggo, ki ɗan ba su na goro, gobe mu ci gaba."

"Na goro? A filina? Sa bushe suna jira!"

Washegari ta ɗauki takardar filin ta nufi ofishinsu. Aka ce sai da zanen gini. Ta kawo zane, aka ce sai injiniya ya buga hatimi. Ta kawo hatimi, aka ce sai mai duba wuri ya je ya gani, shi kuwa kullum "ya ɗan fita". Goggo ta riƙa zuwa da ɗinkinta, ta baje a bencin ƙofarsa tana ɗinka maɓallai. A kwana na goma ya gaji da ganinta, ya ɗauko tef ya biyo ta.

Ya auna, ya sake aunawa. Ashe bangon ya ci taku biyu na hanya, domin maginin daga bakin kwata ya fara awo, ba daga dutsen iyaka ba. Na zaci za ta tayar da bala'i. Sai ta karɓi tef ta auna da kanta. Tela ba ta gardama da awo.

"Da gaskiyarka," in ji ta. "Amma ba mai rushe min bango sai ni."

Ta ari guduma ta yi ta dukansa tana hawaye. Ranar na tausaya mata ƙwarai. Bayan mako uku izini ya fito, aka ja bangon baya.

Bulo ɗaya ta ware, wanda fentin ya fi kamawa. Ta sa aka dasa shi a bakin ƙofar sabon ɗakin, daidai da ƙasa, jan yana kallon sama. Ranar tarewa mijin ya tsaya a gabansa da sanda yana haki.

"Taka shi da kyau, Malam," in ji ta. "Dakatawar da ka yi ta isa."

Ya jawo ƙafar mai ciwon ya ɗora a kai, ya shige ba wanda ya riƙe shi.