Ranar da Na Kai Liman Ɗakin Kallon Kurket

Ranakun aiki da yawa sun shuɗe mini, amma ba na jin zan taɓa mantawa da hantsin da na sa Liman a gaba muka tafi sasanta Manaja da Injiniya. Ku da kuka shigo kamfanin nan daga baya kuna jin tsofaffin ma'aikata na kirana Sale mai sulhu, kuna zaton yabo ne. To ba yabo ba ne, ku gyara zama ku ji asalinsa.

A lokacin kamfanin bai kai haka ba. Rumfar kwano ce guda ɗaya a bakin hanyar Maigatari, da injin tace riɗi ƙwaya ɗaya tal. Riɗi yana zuwa mana daga Gagarawa da Sule Tankarkar da ƙauyukan tsallaken iyaka, musamman ranar Alhamis ta kasuwa. A zuba shi a inji, inji ya fitar da yashi da tsakuwa da ƙaiƙayi, a ɗura a buhu, a ɗinke, a loda wa tirela ta nufi Legas. Ni ne shugaban leburori, ni ke rarraba aiki da safe. Aikin kuwa na kaka ne. In inji yana juyawa kowa na da abin kai wa gida, in ya tsaya a sallami lebura, babu wata doguwar magana.

Shugabanninmu biyu ne. Akwai Manaja, Mista Rajan, mutumin Indiya, gajere mai tumbi, ba ya cin nama amma ƙosai ba ya wuce shi. Akwai kuma Injiniya, ɗan Pakistan, wanda muke kira Malam Faruku, dogo mai shiru-shiru, sahu ɗaya muke salla da shi. Shi kaɗai ya san cikin injin nan. Da ya kara kunne zai gaya maka inda ke ciwo, mu kuwa an hana mu taɓa ko kusa ɗaya. Gida ɗaya suke zaune cikin harabar kamfani, yare ɗaya suke yi a tsakaninsu, tukunya ɗaya ake dafa musu.

Ana tsakiyar kakar riɗi sai ƙasashensu suka shiga gasar kurket, irin doguwar nan da suke kira Tes. Lokacin waya mai intanet ba ta zo mana ba, tauraron ɗan'adam suke da shi a kan rufi. Saboda bambancin lokaci, da asuba ake fara wasan a wajenmu, a tashi kafin azahar.

Ga wanda bai san wasan ba, ga abin da na fahimta daga baya. Mutum ɗaya yana tsaye da katako mai faɗi yana kare wasu sanduna uku da aka kafa a bayansa. Wani ya taho a guje ya jefo ƙwallo mai tauri kamar goruba. In mai katako ya doke ta ta yi nisa, ya samu maki. In ta karya sandunan, ko aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ya fita, wani ya shigo. Sai an fitar da mutum goma sannan a juya. Wasa ɗaya kwana biyar yake ɗauka, har da tashi cin abinci da tashi shan shayi, kuma wasanni uku za a yi a jere. Ni dai da na ji haka cewa na yi waɗannan mutane ba su da gona.

Wasan farko tare suka kalla, Indiya ta ci. Ranar muna cikin lodi muka ga Manaja ya fito tsakar gida da tutar ƙasarsu yana rawa, tumbi na gaba yana biye. Ya je ya ɗaura tutar a babur ɗin Injiniya. Injiniya ya fito ido jajir, ya fizge ta, ya ɗaga murya da Hausarsa yadda kowa zai ji: "Ni bar wannan gida! Wallahi ni tafi!"

Leburori suka daina ɗinkin buhu suka kalle ni. Na san abin da ke ransu.

Da aka fara wasa na biyu abin ya ƙara lalacewa. Baba Ilu mai gadi, wani dattijo mutumin Damagaram, shi ya tare ni tun a bakin ƙofa. Ya ce, "Sale, gida ya ɓaci. Tun da aka sallame asuba Injiniya ya ɗauko kujera ya zauna gindin darbejiya, ya juya wa ɗaki baya. Manaja na ciki yana surfa masa zagi ta taga da yarensu, shi kuma yana ramawa. Shayi ma daban-daban aka kai musu."

Na leƙa, na tarar haka ne. Da rana kuma ba ma ganinsu tare. Manaja ya shige ofis yana rama aikin da ya bari da safe, Injiniya na ɗakin inji fuska a murtuke. Washegari ma haka. Baba Ilu ya ce ya yi ƙarfin hali ya ce wa Injiniya ya shiga ciki rana ta yi, sai ya amsa, "Baba, in na shiga ɗakin nan, shi ke nan, an gama."

Za ku ce me ya hana mu tambaye su. Ku yaran yanzu kuna iya tsayar da oga a hanya ku ce masa me ke faruwa. Mu ba a tashe mu haka ba. Na ƙasa ba ya tambayar na sama dalilin faɗansa, babba ake nemowa ya shiga tsakani. Muka taru bayan la'asar a bayan rumfa. Wani ya ce ƙasashen nan biyu dama sun sha yaƙi, ya ji a rediyo. Wani ya ce ga riɗi jibge har rufi, in Injiniya ya tafi bel ɗaya ya tsinke, kowa ya kama hanyar garinsu. Da yawansu da kuɗin wannan kakar suke sayen hatsin da zai kai su damina. Aka yanke shawara ni zan je wajen Liman.

Limaminmu Malam Bukar ne, Babarbare, tsoho mai tsawon gemu da gajeren haƙuri. Ni kuma Bafillace ne, don haka ba ma haɗuwa bai kira ni bawansa ba, ni ma in ce shi ne nawa. Ranar dai ba mu tsokani juna ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kwana nawa ke nan?" Na ce gobe na uku. Ya ce, "To ba za ta wuce gobe ba. Musulmi ba ya gaba fiye da kwana uku, kuma maƙwabci ko ba addininku ɗaya ba yana da hakki. Ka zo ka ɗauke ni da hantsi."

Muka iso da hantsi, Liman a gaba da babbar riga da carbi, ni da Baba Ilu a baya, leburori na leƙe ta kan katanga. Injiniya na gindin darbejiya. Da ya ga Liman ya miƙe ya gaishe shi da ladabi. Liman bai saki hannunsa ba, ya ce, "Faruku, mu je ciki."

Injiniya ya ce, "Allah gafarta Malam, don Allah ba yanzu ba. Bayan azahar."

"Yanzu dai. Shaiɗan ne ke ce maka bayan azahar."

Mutumin da kake salla a bayansa kullum ba ka ja da shi. Haka Injiniya ya bi, yana tirjewa kamar ragon da ake kai wa kasuwa, ya ja hularsa ya rufe ido.

Abin da ya ba ni mamaki, Manaja na ganinsa sai fuskarsa ta washe. Ya yi tsalle ya tashi yana cewa, "Shigo, shigo, ɗan'uwana! Zauna nan gaba! Malam, sannu, ka yi aiki mai kyau!" Na kalli Baba Ilu, ya kalle ni, muka ce a ranmu lallai Malam Bukar yana da baki, ko addu'a bai fara ba an sauko.

Liman ya yi nasiha gajeriya a kan zaman tare, sannan ya ce su yi musafaha. Ya ga hular nan har hanci, ya ce, "Ana sulhu ido a rufe? Kalli ɗan'uwanka." Ya sa hannu ya ɗage ta da kansa. Manaja kuwa, ɗan duniya, ya riga ya matsa ya tsaya daidai gefen talabijin. Idon Injiniya ya sauka a kan gilashin. Wallahi ina tsaye, ban ƙara ko kalma ba: a daidai wannan lokacin mai jifa ya taho ya saki ƙwallo, mutumin Pakistan ya kai mata katako, sai ga 'yan Indiya sun ruga suna rungumar juna. An fitar da mutumin Pakistan.

Manaja ya kurma ihu, ya kama hannun Liman biyu yana juyi da shi a tsakar ɗaki. Injiniya ya sulale ya zauna a ƙasa ya dafe kai, ya ce, "Sale, ka kashe ni. Kwana uku ina tsare mutanen nan!"

Sai da Manaja ya gaji da dariya sannan ya yi mana bayani. Ashe tun da aka cinye su a wasan farko Injiniya ya ƙudurta cewa idonsa ne matsalar, duk lokacin da ya kalla sai an fitar da ɗan ƙasarsu. Shi ya sa ya koma gindin bishiya. Ihun da ake yi ta taga ba zagi ba ne, Manaja ne ke gaya masa yawan maki, yana kuma lallashinsa ya shigo ya kalla ko da sau ɗaya. Da daddare tare suke cin abincinsu kamar kullum. Baba Ilu ne dai bai gani ba, don bayan isha'i gadin nasa ido rufe yake yi.

Liman ya gyara rigarsa, ya kalle su, ya juyo ya kalle ni. Ya ce, "Ashe taubasai ne. Irin nawa da kai ne, kai bawan banza, ka taso ni ban karya ba." Ya ce wa Injiniya camfi ba kyau, ya yi istigfari. Sannan ya ja kujera ya zauna, wai zai ga ƙarshen abin. Can ya tambaya yaushe za a tashi, aka ce jibi. Ya ce wa zai ci, aka ce mai yiwuwa babu. Ya yi salati ya ɗauki carbinsa ya fita.

Haka kuwa aka yi, wasan ya ƙare babu wanda ya ci. Injiniya ya sayo balangu ya raba wa leburori don murna, Manaja ya samu ƙosai. Na ce masa, "Injiniya, ba ku fa ci ba." Ya ce, "Ba a ci mu ba, Sale. Kai ba ka gane ba." Gaskiyarsa, har yau ban gama ganewa ba.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Da yammacin ranar sulhun ya kira ni ɗakin inji, na tafi ina shirin shan faɗa. Ya kashe inji, ya ce, "Sale, saboda ni ka ɗauko Liman?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, saboda kai ne, muna son zama da kai. Amma ba zan ɓoye maka ba, tsoro muka ji. In ka tafi injin nan ya tsaya, duk yaran can gida za su koma hannu wofi."

Ya juya yana kallon leburori ta ƙofa suna ɗinkin buhu. Ni a raina na ce na ɓata. Sai ya ce, "Ni wasa nake yi, ku kuna tsoron yunwa. Wannan ba daidai ba." Ya ɗauko sifana ya miƙo mini, ya nuna murfin injin da aka hana mu taɓawa, ya ce, "Buɗe."

Na sa sifana na buɗe. Daga ranar, kullum bayan azahar sai ya zaunar da ni da wasu leburori biyu. Ya koya mana canza bel, da saita rariya gwargwadon girman ƙwaya, da jin ƙarar boris in ya fara ci. In na yi kuskure ya ce in sake, ba ya karɓar sifana daga hannuna. Wasa na uku ma a gindin darbejiya ya saurare shi, amma in inji ya yi tari ni yake turawa, ya ce in zo in gaya masa abin da na gani.

Abin da na koya a wannan kakar shi ne, baƙon da kuke aiki tare yana da wasansa da tsoronsa kamar kai, kuma kafin ka ɗauko Liman ka nemi hanyar tambaya. Na kuma koyi cewa abincin mutane da yawa bai kamata ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba, komai kirkinsa. Shi ya sa nake matsa muku ku riƙe sifana, kuna cewa Baba Sale ya cika takura.

Bayan wasu shekaru Injiniya ya koma ƙasarsu da gaske, mahaifiyarsa ta tsufa. Ni da Manaja muka raka shi filin jirgi a Kano, Manaja na sharar hawaye a mota har muka wuce Gumel a hanyar dawowa. Muna shigowa na tarar bel ya tsinke, inji tsaye, leburori sun yi jugum a kan buhuna. Na cire rigata na rataye, na ce a miƙo mini sifana. Kafin la'asar riɗi na zuba a buhu, ba a sallami kowa ba.