Fitilar Nasara a Kan Gammo

Asubar fari muka bar Damagaram, ni da Nasaran bariki da direbansa. Ni maƙeri ne, kun sani, kuma saboda fitilu biyu aka ɗauke ni. Nasara ne ya sayo su ƙari a kan na motar, don ranar ƙasar Damargu, inda za mu zagaya, ba ta barin inji ya yi tafiya sai da duku-duku ko bayan magariba. Fitilun abin kallo ne: a zuba musu wani farin dutse, a ɗiga ruwa, a ƙyasta ashana, sai haske fari tas. Har yau ban gane yadda ruwa ke ciyar da wuta ba.

Aikina in yi musu mazauni. Sai da muka yi gardama kan wurin kafawa: a ƙasa ciyawa za ta tare haske, a bisa rufi kuma ƙayar bagaruwa ta kwashe su. Muka tsaya a goshin mota. Na ƙera maƙalai na ƙarfe, na ɗaure tamau kamar gatari a ƙota, har ina cika baki cewa ko aljani bai isa ya motsa su ba.

Kafin Falanko hanya ta koma burtalin shanu, rami bayan rami. Maƙalaina ba su motsa ba kam, amma gilashin fitila ɗaya ya tarwatse. Nasara ya yi ja wur. Direba ya fassara mini cewa in ta biyu ta fashe, ni da aikin bariki har abada. Ga shi kuwa, wallahi gidana duka da aikin nan yake ci.

Mun tarar da Gangara ranar kasuwa. Nono mai kauri, ga araha, fura kuwa gero zalla. Ina zaune sai ga wata tsohuwa tana sauke tuluna daga kan jaki, tafiyar yini guda, ko ɗaya bai tsage ba. Na matsa ina leƙen kayan, na ce, "Iya, yaya aka yi suka iso lafiya?"

Na ba ta labarin fitilar da ta fashe. Ta dube ni, ta dubi motar, ta yi dariya. "Ɗana, kai ƙarfe ka saba, shi dukansa ake. Abin da ke fashewa, bar masa wurin rawa."

Ta ba ni gammon kaba naɗe da tsumma, ta ce in ɗora fitilar a kai, in ɗaure da jiƙaƙƙiyar fata. In ta bushe za ta kama, amma ba za ta shaƙe ba. Kunya ta kama ni, maƙeri ɗan maƙeri, amma na yi. Direba ya yi dariya har da hawaye. A Tanut mutane suka fito kallo, wai ga mota ta ɗauko tallar fura.

Daga Tanut zuwa Belbeji rairayi ne da tuddai. Idona na kan fitilar, tana ta gyaɗa kai, ni ina ta salati. Ko tsagewa ba ta yi ba, har muka dawo Damagaram a rana ta shida.

Tafiyar nan ta koya mini cewa tsananin ɗauri ba shi ne riƙo ba, kuma a wurin mai tuluna na koya. Aikin bariki yana hannuna, Nasara ma ya ce a yi wa sauran motocin irinsa. Sai dai gammon, matata ce ke saƙa shi, kuma ba ta bari in manta.