Ya Lauratu da Tagar Ɗakin Ajiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 8 ga watan Mayu 2025, da hantsi, Mama ta ajiye waya ta ce mana Allah ya yi wa ƙawarta Ya Lauratu rasuwa bayan jinyar kwana huɗu. An yi jana'izarta bayan azahar a Gomari. Ni ba gwanar magana ba ce a cikin mutane. Ko a zaman makoki gaisuwa kawai na yi na sunkuyar da kai, shi ya sa na ɗauki biro.

Ya Lauratu, sana'arki tsara cikin gida ce, kuma ta nan na san ki. Shekara biyu ke nan da Baba ya tashi gyaran gidanmu na Bolori. Mama ta ce a kira ki tun kafin a ɗora bulo ko ɗaya. Baba ya yi dariya, ya ce mai labule da kujeru ai sai an gama fenti ake nemanta. Da maganar ta iso gare ki, sai kika aiko a gaya wa Alhaji ba a kiran tela bayan an yanka yadi. Ya sake yin dariya, ya ce to ki zo.

Na zaci zan ga irin matan da ke cikin littattafan soyayyar da nake karantawa, mai dogon takalmi da baƙin tabarau, direba yana buɗe mata ƙofa. Sai ga ki a Keke Napep, cikin laffaya ruwan toka, tef ɗin awo rataye a wuya. Ƙamshin turaren wuta ne kaɗai ya zo daidai da littafin. Ranar ba ki auna komai ba sai can da yamma. Kin zauna a tabarma kina shan shayi, kina kallon inda Mama ke shanya, da inda rana ke sauka da la'asar, da yadda muke karo da juna a ƙofar kicin. Har Baba ya tambayi Mama a hankali ko ƙawar tata aiki ta zo ko yini.

Ni kuwa ina da damuwar da ban faɗa wa kowa ba. Baba da magininmu, wanda ake kira Ba Kashim, sun riga sun yanke a mayar da ɗakin ajiyarmu banɗaki, a toshe tagarsa. Mu takwas ne a gidan, kuma wannan ɗakin ne kaɗai inda nake samun shiru. A bayan buhun shinkafa nake ɓoye littattafaina cikin kwalin taliya, in zauna a ƙarƙashin tagar ina kallon bishiyar dogon yaro. In na roƙi a bar ɗakin, Baba zai tambayi abin da nake yi a ciki, ni kuma ba ni da bakin amsawa.

A nan kika iske ni. Na tura littafin cikin hijabi, amma kin riga kin gani.

Kika ce, “Muhsinat, sun shirya ne, ko har yanzu tana ja masa aji?”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na ce saura shafi ashirin. Kika yi dariya, kika auna tagar da faɗin ɗakin, kika fita.

Washegari kika sa Ba Kashim ya zana da gawayi inda zai dasa mazaunin banɗakin. Kika roƙi Baba ya tsaya a kan zanen, ya fuskanci inda mai zama zai fuskanta. Sannan kika ce, “Alhaji, ina kake kallo?”

Baba ya dubi bango, ya leƙa waje ya dubi masallacin unguwa. Alƙibla ce sak. In an juya mazaunin an ba ta baya, in an sa shi a karkace kuma ɗakin ya yi ƙunci. Ba Kashim ya cire hula ya sosa kai, ya ce shi wallahi hankalinsa na kan hanyar bututu. Baba ya ce da sai bayan an shimfiɗa tayil aka gano, da da hannunsa zai farfasa shi. A take aka mayar da banɗakin kusa da zaure.

Sai kika ce tunda ɗakin ya tsira, Muhsinat ta girma, tana bukatar wurin karatu. Baba ya ce karatu kam madalla. Ba ki yi ƙarya ba, ba ki dai faɗi wane karatu ba.

Kika sa aka faɗaɗa tagar, aka gina dakali a ƙarƙashinta da murfin katako mai buɗewa. A cikinsa na koma ɓoye littattafaina. Mun ɗan yi gardama a kan fenti. Na so ruwan hoda ko'ina, kika ce kafin Sallah biyu zan gaji da shi, kika bar mini bango ɗaya. Har yau ban gaji ba, kuma na so ƙwarai in gaya miki haka.

Kwana uku bayan rasuwarki Baba ya shigo ɗakin, ya zauna a bakin dakalin. Hannunsa ya taɓa murfin, ya ɗaga. Ya daɗe yana duban littattafan, ya mayar da murfin a hankali, ya ce, “Lauratu ta san aikinta. Ki riƙa yi mata addu'a.”

Ina yi, Ya Lauratu, bayan kowace sallah. Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya yalwata kabarinki ya cika shi da haske, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Ba Ajimi, da 'yarki Turai, da dangi baki ɗaya, da Mamata wadda ta rasa aminiya. Allah ya ba su haƙurin rashinki, mu kuma ya kyautata namu zuwan. Amin.