Taku Uku a Bayan Yaya Nasiru

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Yaya Nasiru, kuma har yau idan watan nan ya kama ba na iya zama wuri ɗaya. Sai in tashi daga aiki, maimakon in hau bas in koma flat ɗina a Levenshulme, in kama Stockport Road da ƙafa, in wuce masu kayan miya, in wuce masu aski, in kai inda na gaji in juyo. Abokan aikina sun ɗauka motsa jiki nake yi. Ina fa! Zaman ne ba ya yiwuwa.

Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, shekara goma sha ɗaya tsakaninmu. Ni nas ce a wani asibiti a nan Manchester. Shi kuwa a Birmingham ya zauna, a Perry Barr, yana aiki a wata cibiyar matasa ta council, wato ƙaramar hukuma, a unguwar Lozells. Aikin nasa a taƙaice shi ne ya kwashi yaran unguwa waɗanda ba su taɓa ganin abin da ya fi bene tsawo ba, ya zuba su a ƙaramar bas, ya kai su duwatsun Wales su hau su sauko. Mutanenmu sun sha yi masa tsiya a wurin suna da biki: duk karatun nan, a ƙare a hawan dutse kamar akuya? Ba ya jin haushi, don kuwa a wurin awakin ya koya. Duk hutun makaranta a ƙauyen kakarmu a ƙasar Rano yake yi, yana bin awakinta kan duwatsu, kuma a can ya ɗauko ɗabi'ar da ta bi shi har Turai, wato ƙin bin turba. Shi ƙasa yake karantawa. Inda ciyawa ta fi kore, laka ce a ƙasa. Dutsen da ya yi gansakuka ba a taka shi da ƙafa ɗaya.

Sai aka shiga shekarun nan na tsuke bakin aljihu. Council ta fara rufe wannan, ta rage wancan, har abin ya iso kan cibiyarsu. Aka ba su takardar sallama, aka karɓi makullin bas. Bayan 'yan makonni ya kira ni.

"Auta, kina da shift ranar Asabar?"

Na ce babu.

"Akwai hanyar da na tsara wa yarana, ba mu samu yi ba. Ƙololuwa uku da tafki. Ki zo mu je, kada ta zauna a takarda."

Kafin in ci gaba, dole mai karatu ya san yadda aka rene mu. A gidanmu ƙarami ba ya shiga gaban babba a tafiya, ba ya zuba masa ido, ba ya kuma yi masa tambaya ɗaya sau biyu. Da ranƙwashi Inna ta koya mana wannan, har ya zama jiki. Na yi digiri, na yi shekaru ina daka wa manyan likitoci tsawa idan sun yi sakaci da mara lafiya, amma ko a cikin kanti muka shiga da Yaya, sai ƙafata da kanta ta ja baya taku uku.

Mun haɗu a gindin dutsen da sassafe, shi daga Birmingham, ni daga nan. Rabin awa kawai muka bi hanyar da kowa ke bi, sai ya tsallake wata katangar duwatsu ya nufi sama kai tsaye. Daga nan babu turba kuma. Muka kutsa cikin ciyawa mai kai ƙugu, muka fita kan tsakuwa mai zamewa wadda idan ka yi taku biyu sai ta dawo da kai ɗaya, sannan muka iso inda sai da hannu ake hawa. Iska kamar za ta tuɓe mini hijabi. Tumakin Turawa suna tsaye suna kallonmu kamar mun ci bashinsu. Sau uku ina cewa alhamdu lillahi mun iso, sau uku wani tudun yana leƙowa daga bayan wanda muka hau. Yaya ya ce, ba tare da ya juyo ba, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Na yi dariya, ina haki.

Tsakanin ƙololuwa ta farko da ta biyu akwai wani siririn doro, rami dama rami hagu, kuma a nan gajimare ya sauko ya rufe mu. Ba na ganin komai sai jar jakarsa da ƙeyarsa. Inda ya ɗauke ƙafa nan nake sa tawa. A nan ne na fara lura yana yawan tsayawa. Sai ya ciro taswira ya buɗe, ya daɗe yana dubawa, mutumin da ban taɓa ganin ya nemi taswira ba ko a garin da bai sani ba. Hannunsa na dama kuma yana yawan zuwa kafaɗar hagu yana murzawa. Na ce a raina igiyar jaka ce ke cin sa. Wallahi na san ba igiyar jaka ba ce, amma haka na ce.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, ni fuskar ce ban gani ba. Tun safe har muka taka ƙololuwa ta uku, bayansa nake bi.

Saukowa zuwa tafkin ta fi hawan wuya. Ta wani kwazazzabo muka bi, cike da manyan duwatsu, wani wurin a zaune muke silalowa. Tafkin yana kwance a cikin kwari, baƙi ƙirin, shiru, duwatsun da muka hau sun kewaye shi. Azahar ta yi. Yaya ya tsuguna a bakin ruwa zai yi alwala, ni kuma na zagayo ta gefensa don in ɗebi nawa, sai na ga fuskarsa a karon farko tun safe. Leɓensa ya yi fari kamar toka. Gumi yana tsattsafo masa a goshi, a cikin sanyin da ni haƙorana ke kaɗawa. Da a ward ɗin asibiti na ga wannan fuskar a kan baƙon da ban sani ba, da tuni na danna ƙararrawa na tara likitoci.

"Yaya, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Sanyin ruwan ne."

Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da babba ke yi wa ƙarami idan magana ta ƙare. Na sunkuyar da kai. Shi ke nan tambayar da na yi, guda ɗaya.

Ya ja mu salla, ya daɗe a sujada fiye da yadda ya saba. Muka buɗe kilishi da dabino da shayi, ya tura mini kasonsa ya ce ba ya jin yunwa. Da muka fito daga kwarin wayata ta kama sabis, tana cikin aljihuna, na ji ta yi motsi, ban ciro ta ba. Mun iso motocinmu daf da magariba. Ya ce na yi ƙoƙari, na fi wasu samarinsa. Ya shiga mota ya tuƙa kansa har Birmingham. Washegari na ɗauki waya zan kira matarsa, Anti Bilkisu, in ce ta kai shi asibiti ko da faɗa, sai na ajiye. Ta yaya auta za ta kai ƙarar babban wa wurin matarsa?

Kwana goma sha ɗaya bayan haka ya faɗi a tashar bas a Perry Barr. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar bakwai Anti Bilkisu ta tsinci takarda a aljihun rigar sanyinsa. Ashe GP ɗinsa, wato likitan unguwa, ya riga ya tura shi gwajin zuciya, yana jiran a sa masa rana, kuma an gargaɗe shi kada ya wahalar da jikinsa kafin nan. Bai gaya wa kowa ba. An ce da-na-sani ƙeya ce. Ni kuwa ƙeyar na wuni ina kallo.

Masu ta'aziyya sun ce kwanansa ne ya ƙare. Na yarda, ni Musulma ce, ba na jayayya da ƙaddara. Amma yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana ni auna jinin mara lafiya da safe ba. Abin da ke hana ni zama shi ne tambaya guda: me ya sa ni ya kira? Yana da abokan hawa, ƙarfafa, waɗanda suka fi ni sanin dutse. Ya kira ni ne don ni nas ce, idan ya faɗi in san abin yi? Ko kuwa ya kira ni ne don ya san duk duniya ni kaɗai ce zan ga abin da na gani in yi shiru? Wani lokacin kewarsa nake yi. Wani lokacin kuma haushinsa nake ji, haushi sosai, sai in nema masa gafara in nema wa kaina.

Ina yawan tunanin me zai ce da zai leƙo yau. Na bi ta Lozells kwanakin baya, cibiyar tana nan a rufe, an buga katako a tagogi, ciyawa ta fito a inda bas ɗin ke tsayawa. Masallaci da cocin unguwar yanzu kayan abinci suke rabawa, kuma a layin akwai masu aikin yi. A asibitinmu marasa lafiya suna kwance a baranda suna jiran gado. Na san ba zai tsaya dogon sharhi ba, shi ba mai jawabi ba ne. Zai tambaya ne, yaran fa, wa ke kai su? Amsar ita ce babu kowa. Ɗaya daga cikinsu, wanda yanzu direban bas ne, ya tare ni a titi ya ce har yau idan ya ga ciyawa ta yi kore shar sai ya zagaye ta. Ban san ko in yi dariya ko kuka ba.

'Yarsa Safiya tana da shekara goma sha biyar lokacin da ya rasu. Bana ta gama jami'a. Tana kwashe kayansa ta ci karo da taswirar nan, da layin fensir ɗinsa ya bi ta kan ƙololuwa uku ya sauka tafki. Ta kira ni ta ce, "Gwaggo, ki kai ni." Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wata uku ina zille mata, yau shift, gobe ruwan sama, jibi gwiwa. Ba dutsen nake tsoro ba. Abin da Safiya ta sani shi ne mahaifinta ya yi hawansa na ƙarshe lafiya ƙalau, mutuwa ta zo bagatatan. Ni kaɗai na san abin da na gani a bakin tafkin, kuma na san ba zan iya tsayawa a wurin da ita in ci gaba da riƙe shi ba. Ita ce abin da ya rage mini na Yaya. Idan ta ji ta juya mini baya fa?

Asabar biyu da suka wuce muka je. Muna tsallake katangar duwatsun na ga ta ja baya ta bar ni a gaba, taku uku daidai. A Birmingham aka haife ta, Hausarta ma da karin Turancin can take fita, amma wannan ta gada ba ta sani ba. Haka muka hau, ni ina laluben hanyarsa, ita tana sa ƙafa inda na ɗauke.

A bakin tafkin na gaya mata komai. Leɓen, gumin, tambaya ɗaya, wayar da ban ciro ba. Ta ɗauki dutse ta jefa cikin ruwa, ta ɗauki wani ta riƙe.

"Da ni ce, Gwaggo, da ihu zan yi masa har sai ya zauna."

Na ce na sani.

"Shi ya sa bai zo da ni ba," in ji ta. Sai ta fashe da kuka, ni ma na fashe. Ba ta ce ta yafe mini ba, ban kuma roƙa ba. Amma da muka zauna cin abinci, kafaɗarta tana jikin tawa.

Me ya rage na Yaya Nasiru? Ginin an rufe, bas ɗin an sayar. Akwai taswira mai layin fensir, akwai direban da ke zagaye koriyar ciyawa, akwai 'yar da ta hau ƙololuwa uku ba ta yi ƙorafi ba. Akwai kuma abin da ban so ya rage ba, kuma a jikina na same shi. Muna fitowa daga kwarin gwiwata ta riƙe, kaina ya ɗan juya, na tsaya na ciro taswira kamar mai duba hanya. Daga bayana Safiya ta ce, "Gwaggo, lafiya?"

"Lafiya lau," na ce. Bakina ne, amma muryarsa ce sak.

Sai na ji takunta a kan tsakuwa. Ta zagayo ta sha gabana, ta tare hanya, ta zuba mini ido tsakar fuska, abin da Inna za ta yi wa ranƙwashi biyu.

"Ban yarda ba," ta ce. "Zauna."

Na zauna.