Wankan da Na Yi wa Ƙanena

Gara in faɗa tun farko cewa ban gama amincewa da abin da nake tunawa ba. Abin ya daɗe, kuma na sha juya shi a raina har mai yiwuwa na goge wani gefe na ƙara wani. Inda nake da tabbaci zan faɗa, inda nake shakka ma zan faɗa.

Watan jiya ne wata ma'aikaciyar jinya, sa'ar 'yata, ta auna jinina ta ce ya hau. Ta ce ban da magani in riƙa zama shiru safe da yamma, ina jan numfashi a hankali ina sakinsa a hankali. Da muka dawo gida 'yata ta nuna mini wasu mutane a waya suna yin irin haka a kan tabarma, ta ce yoga ake kiransa. Ban san asalinsa ba, hukuncinsa kuma na bar wa malamai. Amma da na zauna na ja numfashin farko, yatsun kakata na gani, fari fat da allin kaɗin auduga.

Ina shekara tara, ko goma, muna Tambuwal, Baba yana koyarwa a firamare. Lokacin ne kuɗin fetur suka shigo ƙasa. Baba ya sayi babur, aka cire jinkar ɗakin Inna aka buga kwano, maƙwabta suna zuwa kallo. Ba wanda ya gaya mana yadda kwano yake mayar da ɗaki tanda idan bazara ta yi.

A bazarar nan ƙyanda ta shigo unguwarmu, ta kama ƙanena wanda ni ke goyonsa, bai cika shekara biyu ba. Kowa ya san dokar ƙyanda a wancan zamani: ba a fitar da yaro iska, ba a taɓa masa ruwa, don kada ƙurajen su koma ciki. Ni ma na san dokar. Wannan ina da tabbaci, ba zan fake da ƙuruciya ba.

Wata rana da azahar Inna ta leƙa maƙwabta gaisuwa, don su ma ciwon ya ɗauke musu yaro, ta bar ni da shi. Kwano yana ƙara don zafi. Jikinsa kamar garwashi, leɓensa ya tsage, kukan ma ba ya fita. Na ɗebo ruwan randa a ƙwarya, na jiƙa ɗankwalina na goge masa fuska. Ya yi ajiyar zuciya. Sai na goge wuya, na goge ciki, daga ƙarshe na juye masa sauran ruwan. Ya yi barcin da ya kwana biyu bai yi ba. Na kai ɗankwalin bayan rumbu na shanya inda ba za a gani ba.

Washegari ƙurajen suka fara dushewa. A rana ta uku ya rasu.

Mata suna zaune a tsakar gida, Gwaggo, yayar Baba, ta ce, "Ƙyandar ga komawa ciki tay yi. An taɓa mai ruwa, ko ku yarda ko kar ku yarda." Inna ta ce ba wanda ya taɓa. A tunanina ta ɗago ta dube ni lokacin da take faɗa. Wani lokaci kuma sai in ga kamar ƙasa take kallo.

Daga nan abinci ya daina wuce mini. Ƙirjina ya zama kamar an ɗora turmi, numfashi ya riƙa tsaya mini a wuya. An ba ni rubutu na sha, Baba ya kai ni asibiti a babur aka yi mini allura, ba abin da ya sake. Sai Inna ta ɗaure mini kaya a zane, aka kai ni Kebbe wurin mahaifiyarta.

Kaka kaɗi take yi. A lokacin yadin kanti ya cika kasuwa, kusan ba mai sayen zarenta, amma kullum ta idar da la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya ta jawo auduga da mazari. Kwana biyu da zuwana ta miƙo mini wani mazarin.

"Zamna, 'yar birni. Miƙe bayanki, ba goyo gare ki ba."

Har yau ban sani ba ko da gangan ta faɗa.

Zarena ya yi ta tsinkewa. Ta dube ni ta ce, "Numfashi kika riƙewa. Mai riƙe numfashi ba ta kaɗi. Ja shi in kin ɗaga hannu, sake shi in kina naɗewa." Haka muke zama har rana ta yi ja, ba hira, ita tana salati ƙasa-ƙasa, ni ina bin hannuna da numfashi. Duk sanda zaren ya tsinke sai in doki cinyata in ce wa kaina shashasha. Ran nan ta ajiye mazarinta.

"Wa kika zagi? Jikata ta, ba a zaginta gidana." Ta kama bakin zaren biyu ta haɗa, ta murza, ta mayar mini. "Ci gaba."

Sai bayan ruwan farko ya sauka na gaya mata maganar wankan. Ba ta tsayar da kaɗinta ba.

"Da kin ka zuba mai ruwan, mi yay yi?"

"Barci ya yi."

Ta naɗe zarenta a mazari. Sannan ta ce, "Da ɗiyar maƙwabta ta, taz zo tag gaya maki hakanga, mi za ki ce mata?"

Na ce zan ce mata tausayinsa ta ji.

"To gaya wa wagga da ke zamne nan."

Ba ta ce ba ruwan ba ne. Ita ma ta yarda da dokar, ina jin har ta bar duniya. Ta dai ce kwanansa ne ya ƙare, ta aza tafin hannuna a ƙirjina ta danne da nata, ta ce in faɗa wa kaina da ƙarfi cewa tausayinsa na ji. Na faɗa ina kuka. A ranar na ci tuwo. Na roƙe ta kada ta gaya wa Inna, ta ce, "Ba ni faɗi. Ke ka faɗi, randa kin ka iya."

Ban taɓa iyawa ba. A jami'a na karanta cewa wanka ba ya mayar da ƙyanda ciki, na kuma tambayi likita, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sanin ya zauna a kaina amma bai sauko ƙirji ba. Na yi ta cewa sai na ƙara tabbatarwa kafin in buɗe wa Inna baki, har aka kira ni aka ce ta rasu.

Yanzu ana yi wa yara rigakafi, jikokina ba su san ƙyanda ba, ba su san mazari ba. Idan turmin ya dawo ƙirjina nakan zauna bayan la'asar in miƙe baya, in ɗaga hannu ba auduga, in ja numfashi in saki. Ba zan ce na warke ba. Zagin dai na rage.

Saura abu ɗaya. Bayan rasuwar ƙanena na koma bayan rumbu ban sami ɗankwalin ba. Da na kwance kayana a Kebbe, sai na gan shi a can ƙasa, a wanke, a ninke. Haka nake tunawa. Amma ɗankwali biyu gare ni masu kama da juna, kuma mai neman abu yakan gan shi ko babu.

Saboda haka ina roƙon duk wadda ta zauna a tsakar gidanmu ranar zaman makokin ƙanena, ko ta ga lokacin da Inna take ɗaure mini kaya, idan tana raye, ta aiko mini da gyara. In na yi kuskure a shekaru ko a maganar Gwaggo, a gyara mini. In kuma Inna ta taɓa gaya wa wata cewa ita ta ɗauke ɗankwalin, don Allah kada a ji tausayina, a faɗa mini yadda ta faɗa.