Kan Rago da Kakanni Bakwai a Saint-Fons

Asuba ta gari muka tashi daga masaukinmu na Aubervilliers, ni da ɗan ƙanena, bayan mun yi salla a ɗaki. Metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya kai mu tashar jirgin ƙasa ta zuwa Lyon, ana yayyafi, kowa ya cusa wuya cikin kwat kamar kunkuru.

Ni sarin kaya ya kawo ni Paris. Shi kuwa shekara uku ke nan yana bincike a jami'a kan asalin Kazak, wata al'umma ta Musulmi makiyaya da ke tsakanin Rasha da Sin. A Damagaram har yau mahaifiyarsa ba ta iya faɗar sunan ba, cewa take yi "mutanen nan nasa". Malaminsa ya gaya masa babin ƙarshe na bincikensa ba zai tsayu ba sai ya ga littafin nasaba na rubutun hannu, ga bursunsa, kuɗin tallafin karatu, na ƙarewa a ƙarshen shekara. Littafin yana wurin wani dattijo Bakazake a Saint-Fons, kusa da Lyon. Sau biyu yana zuwa, sau biyu dattijon na cewa ba ya buɗe kakanninsa gaban wanda bai zo da babbansa ba. Babban da ya samu shi ne ni.

Jirgin nan gudu gare shi na ban mamaki. Awa biyu kacal, gonaki kore shar suna wucewa, ga shanu farare masu ƙiba, babu makiyayi ko ɗaya a bayansu. Na sayi kofi a ciki, ɗan kofin bai fi kurɓa uku ba, kuɗinsa kuwa ya ishi gida guda karin kumallo a wajenmu. Yaron bai sha komai ba. Sai nanata mini yake: "Baba, suna cin doki fa. In an kawo, don Allah kada ku ɓata fuska." Na ce ya bar ni da Allahna.

Saint-Fons unguwar masana'antu ce, bututun hayaƙi ko'ina, iskar tana warin magani. A hawa na huɗu dattijon yake, gajere, mai ƙaramin ido da 'yar hula zagayayya. Na yi sallama, ya amsa cikakkiya, ya kama hannuna da hannuwansa biyu. Daga nan sai Faransanci, ɗana yana fassara.

Doki bai zo ba, alhamdu lillahi. Abin da ya zo faranti ne da dafaffen kan rago sukutum, aka dire shi gabana ni kaɗai. Na duba, mai gida ya girme ni da shekara goma ko fi. Yaya zan sa hannu gabansa? Na tura farantin wajensa cikin ladabi, na ce ya fara. Ya maido. Na sake turawa, har ina jin daɗin tarbiyyata. Matar gidan ta tsaya da butar shayi a hannu. Ɗana ya sunkuyo, zufa a goshinsa da sanyin nan: "Baba, ni na manta ban gaya muku ba. Kan na babban baƙo ne. Ku za ku yanka ku raba wa kowa. Maidawa ƙin gidan ne." Na yi bisimilla na karɓi wuƙa. Abu ne da muke yi kowace Babbar Salla. Na fara miƙa wa mai gida naman kumatu, kunne kuwa aka ce na ƙarami ne, na ba ɗana. Dattijon ya ce da shi ya ci, ko ya riƙa jin magana. Aka yi dariya.

Bayan shayi ya jingina ya ce a wajensu mutum ba ya cika sai ya san kakanninsa bakwai. Ya dubi ɗana. Yaron ya kawo uku ya tsaya. Aka juyo kaina. Na ƙara biyu, na tsaya ni ma. Wallahi sunaye sun zo bakina, ko Abdu da Mamman na ce wa zai ƙaryata ni a Lyon? Yaron yana kallona, shekara ukunsa na kan harshena. Na ce: "Gaya masa biyar na sani. Sauran Allah Ya san su, ni ban tambaya ba lokacin da masu sani ke raye."

Dattijon ya tashi ya shiga ciki. Sannan ya fito da wani abu naɗe cikin ɗankwali.

Takardu ne da suka yi ja don tsufa. Ina buɗewa na ga baƙaƙen da na koya a allo, alif da ba da jim, da 'yan ɗige-ɗigen da suka ƙara don harshensu, yadda mu ma muka ƙara wa ajaminmu. Ya ce idonsa ya mutu ga karatu, 'ya'yansa kuwa boko kawai suka sani. Na sa yatsa na fara bin sunayen da ƙarfi. Harshen ban san shi ba, ina karantawa a karkace, shi yana gyara mini ido a rufe, wane ɗan wane, wane ɗan wane. Da muka kai sunan mahaifinsa bai gyara ba. Ya shafa fuska da tafukansa, muka yi wa mamatansa da namu addu'a tare. Ya ce da ɗana ya fito da kyamararsa, amma kada ya tsallake shafi ko ɗaya.

Mun yi azahar da la'asar a gidan, muka kamo jirgin yamma. Kafin mu bar Lyon yaron ya yi barci, rungume da jakarsa kamar mai jego. Muka iso Paris ana magariba.

Na yi tafiye-tafiye da yawa don kaya, wannan ce ta farko da aka tambaye ni daga wa na fito, na kasa cika amsa. Na ga kuma ladabin gidanku na iya zama rashin ladabi a gidan wani, sai an tambaya. Ɗana ya samu babinsa, mun gode Allah. Ni ma ina sauka Damagaram, kafin in kwance kaya, gidan goggona na nufa da alƙalami da takarda. Ta ba ni na shida. Na bakwai ta ce in dawo gobe, za ta tuna.