Daga Bebeji Zuwa Riruwai a Motocin 'Ya'yan Ƙanena

Bebeji

Muna sallame asuba muka kama hanya. Ni ne wakilin ango a wani ɗaurin aure a Riruwai, ƙarfe sha ɗaya, kuma goron yana hannuna. 'Ya'yan ƙanena biyu, Habu da Sani, kowa ya zo da 'yar motarsa mai tarbo, wato abin da ke hura wa inji iska har ya haukace. Ta Habu 'yar Jamus ce, ja, mai ƙofa biyu, ta girme shi. Ta Sani 'yar Japan ce ta kwanan nan, cikinta har kusa da ƙasa. Na yi bismilla na shiga ta Habu, shi ne babba.

Kwanar Ɗangora

'Yar Jamus akwai murya. In Habu ya taka ta sai ta yi shiru tana nazari, can kuma ta zabura har hulata ta faɗi. Amma da rana ta ɗaga sai ta fara ɗaukar zafi, muka koma tafiyar kura. Na waiga, ga Sani a bayanmu kamar an ɗaure shi da igiya.

Tudun Wada

Nan muka karya da shayi da ƙosai, Habu yana yi wa tsohuwarsa fifita da kwali. Ƙarfe tara ta gota. Na ja Sani gefe.

"Kai, taka ba ta gudu ne?"

"Baffa, ko tsuntsu ba ya kamo ta. To amma in wuce Yaya a hanya? Me za a ce a gida?"

Habu ya jiyo mu. "Bar shi, Baffa. Kwalliya ce kawai, ƙarfenta kamar gwangwanin madara."

Na ɗauki gorona na koma motar Sani, da ƙyar na naɗe ƙafafuna. Na ce, "Habu, tsakanina da kai wa ke gaba?"

"Kai ne, Baffa."

"To, biyo ni."

Dajin Falgore

'Yar Japan ba ta nazari, ba ta ko gyaran murya. Bishiyoyi suka haɗe suka zama bango. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. A shinge jami'i ya leƙo ya ce, "Baba, lafiya kake gumi haka?" Na ce masa zikiri ne.

Riruwai

Mun iso liman yana gyara zama. Aka ɗaura, aka shafa fatiha. Habu ya iso ana cikin rabon goro, yana cewa shanu ne suka tare shi.

Da za mu dawo Sani ya buɗe mini ƙofa. Na yi masa godiya, na wuce motar Habu, muka shiga gaba. Bayan magariba muka iso Bebeji, Sani na binmu a hankali. Alhamdu lillahi, Allah Ya yi musu albarka, Ya bar zumunci.